Ranar Da Na Yi Wa Matata Lodi a Alƙahira

Tun da muka dawo daga Masar ban sami sakat ba. In na zauna a bencin mai shayi, tambaya. In na fito daga masallaci, tambaya. Har direbobin da ba sa gaishe ni sai in suna neman a sa su a layi, yanzu sun koyi ladabi don dai su ji kanun labari. Kuma ba wanda ya damu da kogin Nilu ko kaburburan Fir'aunoni. Tambayar ɗaya ce: "Bawa, wai gaskiya na ka ɓad da Kulu cikin rame?"

Labarin ya riga ni isowa gida, kuma ya yi ƙiba a hanya. A Bukkuyum an ce kwana uku ta yi ba a gan ta ba. A Anka an ce sai da aka sa cigiya a rediyon Larabawa. To, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ga yadda aka yi tun daga farko, kuma duk wanda ya sake tare ni da tambaya zan miƙa masa takardar nan in wuce.

Ga wanda bai san ni ba, ni ɗan kamasho ne a tashar Gummi, shekara talatin da 'yan kai. Aikina in kira fasinja, in tsara su cikin mota, mai jiki kusa da siriri, in ɗaure kaya, in yi musu addu'a, sannan in bugi jikin mota sau biyu direba ya tashi. A tsawon shekarun nan ko kaza ba ta taɓa ɓata a hannuna ba, kuma ban taɓa gajiya da faɗa wa mutane haka ba.

Kulu kuwa mai ɗakina ce, uwar 'ya'yana shida, kuma idonta ne ya kai mu Masar. Abin ya fara kamar wasa: ta zuba ruwa a gefen kofi, ta gai da turmi tana zaton maƙwabciya ce zaune. Muna dariya, ita ma tana yi, har ranar da ta tambaye ni ko hadari ne ya haɗo, alhali rana na tsaka. Daga nan dariya ta ƙare. Muka je Gusau, aka tura mu Kano, likitan Kano ya ce matsalar can bayan ido take, in ana son ceton abin da ya rage a hanzarta kai ta Alƙahira. 'Yarmu Zainabu, ma'aikaciyar jinya a Gusau, ita da mijinta suka tsaya a kan komai. Ita ya kamata ta raka uwarta, sai dai cikinta ya tsufa. Ranar da ta kawo mana takardu ta dube ni ta ce, "Baba, Inna ba ta ganin komi sai inuwa. Don Allah kak ka bari ta yi nisa da kai."

Na ce, "Ke Zainabu, ni za ki koya ma riƙon fasinja?"

Mun bar Gummi da hantsi, don hanyarmu yanzu ba ta son mai sammako, ba ta son mai yamma. Kayana jaka ɗaya. Na Kulu kuwa, in ka gani sai ka ce ƙaura za mu yi: garin dawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, daddawa, da man shanun da ƙawarta Bafillatana ta kawo mata daga ruga. Na ce mata can ma ana cin abinci. Ta ce, "Ka taɓa zuwa?" Na ɗaure kaya.

Daga Daki Takwas har bayan Anka motar tsit take saboda tsoron 'yan bindiga, kowa da addu'ar da ke bakinsa, kamar yadda kuka sani. Sai da muka hau babban titi aka fara gyaran murya da hira. A Gusau muka canja mota zuwa Kano, inda za mu hau jirgi, kuma nan na fara ba da kunya. Na ga an ɗaure buhun gero a karkace, ban san lokacin da na kwance na sake ɗaurewa ba. Direban ya yi godiya, ɗan kamashon wurin bai yi ba.

Kowa na tambaya ko na ji tsoron jirgin sama. Na ji, amma ba shi ya dame ni ba. Da muka zauna na waiga, sai ga kujeru layi guda cur babu kowa, kuma jirgin ya tashi haka nan. Ba wanda ya leƙa waje ya yi kiran saura mutum ɗaya, ba wanda aka yi wa faɗa. Asarar nan ta tsaya mini a rai har muka sauka. Kulu kuwa ta cinye abincinta ta haɗa da rabin nawa, ta ce ita dai wannan hanya ta yi mata, ba gargada.

A filin jirgin Alƙahira muka bi layin duba fasfo. Jami'in ya ce Kulu ta dubi na'urar ɗaukar hoto, ta juya ta ƙura wa bango ido da murmushi, sai da na juyo da kanta. Wurin duba kaya ne aka yi ta. Wani matashin jami'i mai gashin baki ya zuge jakarta, ya ɗago ƙullin daddawa, ya kwance, ya kai hanci. Wallahi sai da ya ja da baya taku biyu. Ya kira na gaba da shi, shi ma ya shinshina, ya kira wani. Kulu ba ta ga fuskokinsu ba, ta ɗauka sha'awa ce, sai ta shiga yi musu bayani da Hausa yadda ake daka ta da barkono kafin a zuba a miya. Ina jin sun so su riƙe ta, sai dai an rasa wanda zai yarda ta kwana a ofishinsa. Suka ƙulle da leda uku suka nuna mana ƙofa.

A waje Malam Isa na jiranmu. Ɗan unguwarmu ne, ya tafi karatu shekara ashirin da suka wuce, garin ya riƙe shi. Yanzu aikinsa tarbar marasa lafiya daga gida, ya nema musu masauki, ya yi musu tafinta wurin likita. Ya kai mu wani gida hawa na bakwai, ana shiga wani akwati kamar kabad ya ɗaga mutum sama. Gida ba zaure, ba tsakar gida, ba ko ɗan akuya. Kulu ta zauna ta gyara hijabi tana jiran maƙwabta su shigo yi mana sannu da zuwa. Da la'asar ta yi ba kowa, ta ce, "Malam Isa, rasuwa anka yi gidan ga?" Ya ce a'a, haka suke. Amma na ga abin da ya burge ni. Matar da ke samanmu ba ta sauka sayen burodi, kwando take zirarowa da igiya ta taga, mai burodi ya saka, ta janye abinta.

Abinci kuwa, mutanen nan da wake suke karya kumallo, an dame shi da mai, a dangwala da wani burodi mai faɗi kamar faifai. Da rana Isa ya kawo mana abin da ya ce shi ne abin alfaharinsu: shinkafa, taliya, makaroni, wasu ƙananan wake da soyayyar albasa, duk cikin kwano ɗaya. Kulu ta kai loma biyu ta ce, "Wadda tad dafa wanga, faɗa ta yi da mijinta." Ni dai na cinye nawa, kuma in faɗi gaskiya ya yi mini daɗi. Washegari ta ɗora tuwon dawa da lalube, ni ne idonta, ina cewa ya tafasa, tana cewa bai yi ba, kuma ita ce da gaskiya. Miyar kuka na fara ƙamshi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ashe maƙwabtan suna nan da ransu, daddawa ce kawai ke fito da su.

Yanzu ga inda kuke jira. Tsakanin masaukinmu da asibiti akwai nisa. Sai mun hau ƙaramar bas zuwa babbar tashar tsakiyar gari, daga nan mu sauka ƙarƙashin ƙasa mu hau jirgi. Ranar farko da Isa ya kai mu, na tsaya a bakin wurin na cire hula na mayar. Ni da nake zaton na san tasha! Wannan tasha uku ce aka ɗora wa juna. A fili ga bas-bas manya da ƙanana, ba iyaka. A gefe ga wani makeken zaure inda jiragen ƙasa masu zuwa garuruwa na nesa ke tsayawa. A ƙarƙashin duka kuma an haƙa hanyoyi, jirage na ratsa juna, matakala nan, lungu can, kowane lungu da kibiyarsa da rubutun da ban iya karantawa da sauri ba. Mutane kuwa, ka tara kasuwar Gummi da ta Anka da ta Bukkuyum rana ɗaya, ka ce kowa ya yi gudu.

Abubuwa da dama sun ɓata mini rai a ƙarƙashin ƙasar nan. Ba ciniki, ka sayi ɗan tikiti ka cusa wa wani ƙarfe, ya haɗiye ya tofo, sannan ya bar ka ka wuce. Ba mai gaishe da wani. Jirgi ya zo, ƙofofi su buɗe da kansu, kafin ka gama bisimilla sun rufe, ya tafi, ko ya cika ko bai cika ba. Ba wanda za ka roƙa ka ce direba ya dakata, mutum ɗaya na alwala. Direban ma ba ka ganinsa balle ka san ɗan gidan wane ne. Abu ɗaya na yaba: a tsakiyar kowane jirgi akwai taragon mata zalla, namiji ba ya shiga. Mu dai da Isa na gama-gari muke shiga, mu sa Kulu a tsakiya.

A sama, wurin ƙananan bas, nan na ga ɗan'uwa. Wani dattijo ne mai doguwar riga ruwan toka, murya a dishe, yana tsaye bakin mota yana kiran sunan wata unguwa, ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Na leƙa motar, mutum huɗu ne ciki. Na ce wa Isa, "Wancan, saura mutum ɗaya yaka cewa ko?" Ya ce haka ne, ya aka yi na sani? Na ce ƙaryar gidanmu ce. Isa ya gabatar da mu, sunansa Sayyid. Da ya ji sana'ata ya rungume ni, ya sa aka kawo mini baƙin shayi mai ɗaci a ɗan kofin gilashi. Ba na jin maganarsa, ba ya jin tawa, amma mun yi hira sosai.

Kwana biyu Isa na kai mu ana gwaje-gwaje. A rana ta uku, wadda babban likita zai ga Kulu ya sa ranar aiki, sai ga wani mara lafiya zai sauka a filin jirgi da safe. Isa ya ce bari ya nemo wanda zai raka mu.

Na ce, "Malam Isa, ni da tasha? Ka hwaɗa man tasha nawa za mu ƙirga, shi ke nan."

"Baba Bawa, wurin ga ba Gummi na ba."

"Tasha tasha ta. Tahi abinka."

Ya rubuta mini sunan inda za mu sauka da manyan baƙaƙe, ya ce tasha ta shida. Katin asibiti ya sa a jakar Kulu. Wayarta kuma tana aljihuna tare da tawa, tunda ba ta ganin abin dannawa.

Da farko komai ya tafi daidai, har ina jin kaina. Muka sauka daga bas, na ɗaga wa Sayyid hannu, muka gangara, ƙarfe ya haɗiyi tikiti ya tofo. Sai dai ranar cunkoson ya wuce na kullum. Jirgi biyu suka wuce ban ga inda zan cusa mace mara gani ba. Da na uku ya tsaya, sai ga taragon mata daidai gabanmu, da ɗan sarari. Na yi shawara nan take: in sa ta nan ta zauna cikin mutunci, ni in faɗa na kusa da shi, a tasha ta shida in fito in ɗauke ta.

Na riƙo ta muka shiga. Na dubi kujera, na ga wata 'yar siririya ta baje, na yi mata alama ta matsa, ta matsa, don wannan alamar duk duniya ɗaya ce. Na zaunar da Kulu, na ɗora mata jaka a cinya, na gyara gefen hijabinta kar a taka. Matan suna ta hararata don na shigo taragonsu, na sauko. Kuma maimakon in ruga taragon gaba, sai na tsaya a bakin ƙofa, na duba dama na duba hagu ko akwai kayan da ya leƙo waje, na ce, "Allah shi kiyaye hanya." Ƙofa ta rufe. Na ɗaga hannu na bugi jikin jirgin sau biyu.

Ya tashi kuwa. Ina tsaye ina kallonsa da jin daɗin wanda ya gama lodi mai kyau, har fitilar bayansa ta shige cikin duhu. Sai na juya in nemi fasinjan mota ta gaba, a nan ne na tuna ko wa na sa a ciki.

Sabo turken wawa. Shekara talatin ƙafata ba ta san ta bi fasinja cikin mota ba, ranar kuma ba ta nemi shawarata ba.

Wauta ta biyu ta fi ta farko. A gida in mota ta bar mutum, kabu-kabu muke tarewa ya bi ta, kafin shingen bakin gari an cim mata. Sai na kwasa da gudu sama neman babur. Ina hawa matakala ina ture mutane, har na kai tsakiya kafin na tambayi kaina: in na samu babur ɗin, ta ina za mu bi jirgin da ke tafiya ƙarƙashin gidajen mutane? Na juyo in koma, na bi wani lungu, ya fitar da ni cikin zauren jiragen nesa, ga mutane da akwatuna da kwanduna. Na sake bin wani, ya kai ni wani layin jirgin dabam. An ce baƙo ko da ido makaho ne. Ranar mu biyu ne makafi a garin, kuma gara ita, tana zaune.

Muryar Sayyid ce ta cece ni. Na jiyo ta daga wata ƙofa, na bi ta har na fito fili. Na kama hannunsa, na nuna idona, na zana hijabi a kaina, na nuna ƙasa, sannan na bugi jikin motarsa sau biyu na buɗe hannuwa. Ya dube ni. Ya dubi hannuna. Sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki, don duk garin shi kaɗai zai gane yadda aka yi. Da ya ga fuskata dariyar ta tsaya. Ya bar motarsa da rabin lodi, direba na yi masa ihu, ya ja ni muka gangara. Ni na san abin da barin lodi a tsakiya yake nufi, kuma ba zan manta masa ba.

Ya kai ni wurin wani ma'aikaci mai kaki, suka yi ta magana da hannuwa, ma'aikacin ya ɗauki waya ya kira tashoshin gaba. Ni kuma na kira Isa. Ya yi salati ya ce ga shi nan tafe, amma yana can ƙarshen gari. Sayyid bai yarda mu zauna jira ba. Muka hau jirgi na gaba, kowace tasha mu sauka, shi ya bi dama ni in bi hagu, ina kiran "Kulu! Kulu!" kamar mai kiran fasinja. A tasha ta uku na hango shuɗin hijabi a kan benci, na ruga, ashe wata baƙar fata ce 'yar Sudan da jaririnta. A ta shida, inda ya kamata mu sauka, muka duba ko'ina, babu ita.

A nan wasa ya ƙare mini. Na dubi bakin dandamalin, inda ƙasa ta yanke sai rami da ƙarafa, na tuna matar da ke gai da turmi. In ta sauka ita kaɗai tana lalube fa? Ba ta da waya, ba ta san sunan unguwar da muke ba, Larabcinta na salla ne. Na tuna Zainabu da abin da ta roƙe ni, da amsar da na ba ta. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba, ko a hanyar Anka. Na zauna a kan benci, ni Bawa, da furfurata, na yi kuka a gaban Larabawa. Sayyid ya zauna kusa da ni yana dafa kafaɗata yana ambaton Allah, wannan kam na ji abin da yake cewa.

Mun kai ƙarshen layi mun juyo ke nan waya ta yi ƙara. Isa ne.

"Baba Bawa, kana ina?"

"Cikin rame. An gane ta?"

"Tana asibiti. Yanzu sunka kira ni. Ta ma ga likita. Kai ɗai aka jira."

Fasinja ta isa a kan lokaci, ɗan kamasho ne ya ɓata.

Sayyid ya raka ni har ƙofar asibitin, ya sumbaci goshina ya koma bakin aikinsa. Na tarar da Kulu zaune a ɗakin jira, an ɗiga mata magani a ido, tana cin wani burodi mai riɗi. Isa na tsaye. Kusa da ita ga wata mata mai jiki, cikin baƙaƙen kaya, da kwandon cefane a gabanta, ana ce mata Ummu Mahmud. Ashe da jirgi ya yi nisa Kulu ta fara kiran "Malam? Malam?", matan taragon suka taru a kanta, aka rasa mai jin wani. Wannan baiwar Allah ta buɗe jakar, ta ga katin asibiti, ta fasa zuwa kasuwarta, ta saƙalo hannun Kulu ta kawo ta har gaban likita. An duba ta, an sa aiki jibi.

Na matsa in yi godiya. Ummu Mahmud ta miƙe, ta riƙe ƙugu, ta fara. Ta nuna ni, ta nuna Kulu, ta nuna sama, ta tafa hannu, ta bugi ƙirji. Masu jira suka bar abin da suke yi suna gyaɗa kai. Ta yi mini wankin babban bargo, ba ta ko tsaya shan iska ba. Da ta gama na ce, "Malam Isa, mi tac ce?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Ta ce sannu da zuwa."

Bayan ta tafi, Isa ya shiga karɓo takardu, aka bar mu mu biyu. Na zauna. Na ce, "Kulu, ki yahe man. Kin ji tsoro ko?"

Ta gutsuri burodinta ta ce, "Daga baya dai. In gaya maka gaskiya, Malam, da nij ji ka bugi motar sau biyu, hankalina kwance yake. Ban ma aza za ka shigo ba. Sai da munka wuce tasha biyu kana nit tuna Masar muke."

"Ƙaƙa ba ki aza ba?"

"To yaushe ka taɓa shigowa? Suna, biki, dubiya, kai ka sa ni mota, ka samo man wuri mai kyau, ka ce Allah shi kiyaye. Ran da Innata tar rasu a Nasarawa, ranar kasuwa ta, ka sa ni kusa da taga don in sha iska in na yi kuka. Ko tahowarmu Kano, gaba kaz zamna wurin direba." Ta kakkaɓe riɗin da ya zuba a cinyarta. "Ba ƙorahi nika yi ba. Wurin zama dai ba ka taɓa ba ni maras kyau ba."

Ɗazu Ummu Mahmud ta yi ta ihu ban ji ko kalma ɗaya ba. Kulu kuwa ta faɗi nata a hankali tana tauna, kuma duk ya shige ni. Na tuna shekarun ɗaya bayan ɗaya ko zan sami tafiya guda da zan kafa hujja da ita, ban samu ba. Kunya ta kama ni, irin wadda ba a gaban mutane ake jin ta ba.

An yi aiki, Allah ya taimaka. Idon hagu ya riga ya tafi, amma na dama ya dawo, har tana zura zare a allura in akwai haske. Sauran kwanakin da muka yi, duk zuwa asibiti Isa ne a gaba, ban sake cewa tasha tasha ce ba. Kafin mu taso na kai wa Sayyid hulata sabuwa, Kulu kuma ta aika wa Ummu Mahmud da man shanu ta hannun Isa. Ta so ta haɗa da daddawa, muka taru muka ba ta haƙuri.

Da muka sauka Kano muka je tasha neman motar gida. Ɗan kamashon wurin ya san ni, ya taso da murna, ya karɓi jaka, ya buɗe mini gidan gaba kamar yadda muke yi wa juna. Na ce ya bar shi. Na zagaya baya inda aka sa Kulu, mutum uku a kujerar, ga buhun albasa a wurin sa ƙafa. Na tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Malam, mi ya samu gidan gaba?"

Na ce, "An cika."

Ta miƙa wuya, ta leƙa da idon da aka gyara, ta ga kujerar babu kowa. Ta tattara hijabinta, ta matsa mini.